Lemon Da Ba Shi Da Sukari: Yana Rage Ƙiba Kuwa?



A bakin ƙofar kantin maganin da nake aiki a nan Legas akwai sikeli, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ba a samu wanda ya hau shi ba. Makon jiya wata Hajiya da muka saba, mai sayar da atamfa da leshi, ta hau ta sauka, ta ajiye jaka ta cire takalmi ta sake hawa. Lambar ba ta canja ba. Sai ta juyo ta ce, "Likita, anya sikelin nan naku lafiyarsa ƙalau?"

Wata uku ke nan da ta daina shan lemon kwalba mai sukari ta koma wanda aka rubuta wa "Zero" a jiki, kwalba biyu kullum, da niyyar rage teɓa. Ga shi sikeli ya nuna ta ƙara kilo biyu. Bayan haka kuma 'yarta ta turo mata saƙo ta WhatsApp cewa irin wannan lemo yana kawo cutar daji. Ta ce, "Ƙiba ba ta tafi ba, ga daji an ce yana tafe. An gudu ba a tsira ba ke nan?"

Na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna ta yau.

Sukari nawa ne a kwalba ɗaya?

Mu fara da abin da Hajiya ta gudo daga gare shi. Lemon kwalba da aka saba yana ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Kwalbar roba mai santilita 50, irin wadda masu talla ke miƙo mana ta tagar mota in an shiga cunkoso, tana da kusan giram 50 ke nan, wato ƙaramin cokali 12 na sukari, kalori kusan 200. Wanda ke shan ɗaya kullum yana zuba wa cikinsa kilo ɗaya da rabi na sukari a wata, kilo 18 a shekara, daga lemo kawai.

Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini. Ga baligi wannan kusan giram 50 ne, kuma ta ce in an rage zuwa giram 25, cokali shida, ya fi. Kun ga kwalba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya, tun ba a zo kan shayin safe ba. Wani abin kuma, sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abincin da aka tauna. Mutum zai shanye kwalba, ya zauna ya cinye tuwonsa cif. Irin wannan damuwa na cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, wanda aka fara karɓa a 2022.

Don haka barin lemo mai sukari da Hajiya ta yi daidai ne. Saura mu duba abin da ta koma wa.

Me ke sa masa zaƙi?

Lemon da aka rubuta wa "Diet" ko "Zero" ko "Light" ruwa ne da iskar gas da kala da ɗanɗano da tsami, sai sinadarin zaƙi a madadin sukari. Waɗannan sinadarai sun fi sukari zaƙi nesa ba kusa ba, saboda haka ɗan mitsitsi ake sakawa, kalorinsa bai taka kara ya karya ba.

Mafi tsufa shi ne sakarin, wanda aka gano a Amurka a 1879, kuma ya ninka sukari zaƙi kusan sau 300. Sai aspatem, da wani masanin haɗa sinadarai ya gano a 1965 yana cikin aikin neman maganin gyambon ciki. Shi ya ninka sukari kusan sau 200. Asisulfem ma kusan sau 200 ne, sukuralos kuwa kusan sau 600. Akwai kuma sitibiya, da ake tatsowa daga ganyen wani tsiro ɗan asalin Kudancin Amurka. In kun juya kwalba, wani lokaci lamba za ku gani maimakon suna: E950 asisulfem ne, E951 aspatem, E954 sakarin, E955 sukuralos, E960 sitibiya. Ku lura kuma, akwai lemukan da ke haɗa sukari da sinadarin zaƙi a kwalba ɗaya, don haka ganin lambar ba ya nufin babu sukari.

To yana rage ƙiba?

Babu wani abu a cikin wannan lemo da ke narkar da kitse. Amfaninsa ɗaya ne tak: ya tsaya a gurbin mai sukari, kalori 200 ɗin nan su fita daga lissafi. In mutum bai mayar da su ta wata ƙofa ba, zai ga ɗan sauƙi.

An gwada wannan a ƙasar Holan. A wani bincike da aka wallafa a 2012, an raba yara 641 gida biyu. Kullum ana bai wa rabi gwangwani ɗaya mai sukari, sauran kuma marar sukari, ba tare da sun san wanne suke sha ba, har tsawon wata 18. Duka yaran sun ƙara nauyi domin girma suke yi, amma masu shan marar sukari nauyin da suka ƙara ya gaza na 'yan uwansu da kusan kilo ɗaya. Amfani ne na gaske, sai dai ku dubi girmansa: kilo ɗaya a shekara ɗaya da rabi.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi ta fitar da matsaya. Ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙi a matsayin hanyar rage ƙiba. Dalilinta shi ne, gwaje-gwaje na gajeren lokaci sun nuna ɗan raguwar nauyi, amma ba a ga rage kitse mai ɗorewa ba. Sannan binciken da aka bi mutane shekara da shekaru ya nuna masu yawan amfani da su sun fi samun ciwon suga da ciwon zuciya. Ɗaya daga cikin manyan binciken irin wannan an yi shi a Faransa kan manya sama da 100,000, aka wallafa a 2022.

A nan sai an yi hattara da fassara. Su wa suka fi sayen lemon da ba sukari? Masu ƙiba, da waɗanda likita ya riga ya gargaɗa, da waɗanda ciwon suga ke cikin danginsu. In irin waɗannan mutane suka fi kamuwa da ciwo daga baya, ba lallai lemon ne ya jawo ba. Yawan marasa lafiya a asibiti ba ya nufin asibitin ne ya sa musu ciwo. Ita kanta hukumar ta faɗi wannan, shi ya sa ta sanya shawarar tata a matakin da ke da sharaɗi, kuma ta ce ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. Abin da ta fi nanatawa shi ne a rage zaƙi baki ɗaya a abinci, tun daga ƙuruciya.

Masana na kuma bin diddigin tasirin sinadaran a kan ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a hanjinmu. Wani gwaji da aka yi a Isra'ila kan mutum 120, wanda ya fito a 2022, ya nuna sakarin da sukuralos sun sauya yadda jikin wasu ke sarrafa sukari cikin mako biyu. Gwajin ƙarami ne kuma gajere, amma ya isa ya nuna mana cewa wannan lemo ba daidai yake da ruwa ba.

Inda kilo biyun Hajiya suka fito

Da muka zauna muka bi yininta daki-daki, sai gaskiya ta fito. Da safe shayi da madarar gwangwani da sukari cokali uku da burodi. A kasuwa fanke ko cincin, da lemon nan mai sanyi. Da la'asar kwalbar malt, domin a ganinta malt abinci ne mai ƙara jini. Da dare, bayan ta sha cunkoso ta iso gida wajen ƙarfe goma, shinkafa da miya cike da faranti, sai kwanciya. Ta kuma amsa da bakinta cewa tun da ta koma lemon da ba sukari, takan ƙara fanke biyu da tunanin ai ta riga ta rage a wani wuri.

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane. An toshe ƙofa ɗaya an buɗe uku. Malt yana da sukari kwatankwacin lemon kwalba, wani ma ya fi, kuma ba maganin ƙarancin jini ba ne. Ruwan 'ya'yan itace na kwali, ko da an rubuta ba a ƙara sukari ba, yana cikin lissafin sukarin da hukumar ta ce a rage. Zuma ma haka, duk da darajarta. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da fura da nono na saye, yawanci an cika su da sukari. Wasu masu sayarwa kuma, saboda tsadar sukari, sakarin suke zubawa da ka ba awo. In kun sha zoɓo kuka ji zaƙi ya wuce kima, ya bar ɗan ɗaci kamar na ƙarfe a bayan harshe, to alamarsa ke nan.

Batun cutar daji

Saƙon da 'yar Hajiya ta turo yana da tushe, amma an yanke masa rabi. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya aspatem a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa suna iya haddasa daji amma hujjar ba ta da ƙarfi. Rukunin 1, inda hujja ta tabbata, nan ne taba da giya suke. Aikin wannan cibiya auna ƙarfin hujja ne, ba ta faɗin yawan da zai cutar.

Mai faɗin yawa wani kwamiti ne na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A rana ɗaya da waccan sanarwa, kwamitin ya bar ƙa'idar da ake da ita yadda take: miligiram 40 na aspatem ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Mai kilo 70 iyakarsa miligiram 2,800 ke nan. Gwangwani ɗaya na ɗauke da 200 zuwa 300, don haka sai ya sha sama da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya tsallake. Mai shan ɗaya jefi-jefi ba shi da dalilin firgita. Amma ku yi lissafin yaro mai kilo 20: iyakarsa miligiram 800, gwangwani uku zuwa huɗu. Tazarar yaro ba ta kai ta babba ba.

Illolin da ba a cika faɗa ba

Na farko haƙori. Cire sukari bai cire tsami ba. Fatar haƙori ta waje takan fara zaizayewa idan awon tsami ya sauka ƙasa da 5.5, lemon kola kuwa, mai sukari da marar sukari, yana wajen 2.5 zuwa 3 da ɗoriya. Mai kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har yamma yana jiƙa haƙoransa a tsami yini guda. In za ku sha, ku sha tare da abinci, ku kuskure baki da ruwa, ku jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin goge baki.

Na biyu sinadarin kafin, mai hana barci, irin wanda ke cikin goro da kofi. Lemon kola marar sukari ma yana da shi. Ƙarancin barci kuma yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Mai juna biyu an fi so kada kafin ɗinta ya wuce miligiram 200 a yini, in an haɗa na shayi da kofi da goro da lemo.

Na uku kumburin ciki. Gas ɗin yana ƙara gyatsa da ƙwannafi ga mai fama da su. Cingam da alewa marasa sukari kuma sukan ƙunshi wani dangin zaƙi daban, irin su sobitol, wanda in ya yi yawa yake sa iska da gudawa.

Akwai kuma wata cutar gado da ba a cika samu ba, mai suna fenilketonuriya. Masu ita jikinsu ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin aspatem, shi ya sa za ku ga gargaɗi a jikin kwalba. Su dole su ƙaurace masa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyu kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ita ce kada a ba su abin sha mai sukari, kada kuma a ba su sinadaran zaƙi.

Gargaɗi ga gidan da ke da mai ciwon suga

Wannan ɓangaren na fi so ku riƙe, domin rai ne a ciki. Ga mai ciwon suga, lemon da ba sukari ya fi mai sukari sauƙi, tun da ba ya ɗaga sukarin jini nan take. Amma mai yin allurar insulin, ko mai shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid da gilimefiraid da gilikilazaid, sukarinsa kan iya faɗuwa ƙasa da kima, musamman in ya sha magani bai ci abinci ba. Alamunsa su ne rawar jiki, zufa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri da ruɗewa. A na'urar awo, ƙasa da 70 ke nan, ko ƙasa da 3.9 a wasu na'urorin.

A wannan hali sukari ne magani, kuma lemon "Zero" ba zai yi komai ba. Wani saurayi ya taɓa ba ni labarin yadda mahaifinsa ya fara rawar jiki da zufa bayan ya sha maganinsa bai karya ba. Saboda kulawa sun kwashe duk wani sukari daga gidan, sai ya ɗauko masa marar sukari daga firij. Dattijon ya shanye, jiki ya ci gaba da rikicewa, sai da maƙwabciya ta kawo sukari aka jiƙa masa sannan ya dawo hayyacinsa.

Abin yi shi ne a ba shi kusan giram 15 na sukari: ƙaramin cokali huɗu a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko mililita 150 na lemo mai sukari. A jira minti 15 a sake aunawa, in bai tashi ba a maimaita, in ya tashi a ba shi abinci. In ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Duk gidan da ke da mai shan waɗannan magunguna, a ajiye sukari a wurin da kowa ya sani, har yara.

To me za a yi?

In kuna shan lemo mai sukari kullum kuma barinsa lokaci ɗaya ya gagara, komawa marar sukari ci gaba ne. Ku ɗauke shi a matsayin tsani na sauka zuwa ruwa, kuma ba a kwana a kan tsani. Mai shan biyu ya koma ɗaya, bayan mako biyu ya koma kwana uku a mako, daga nan sai ranar biki ko suna. In kuwa da ma ba ku saba da lemo ba, babu dalilin farawa don an ce wannan ba shi da sukari.

Harshe yana koyo. Ku rage sukarin shayi da rabin cokali duk mako, nan da wata ɗaya ko biyu shayin da kuke sha a da zai yi muku zaƙi fiye da kima. Uwargida ta dafa zoɓo a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta sa sukari kaɗan ko ta bar shi haka. Ruwan sanyi da yankan kokwamba ko na'ana'a yana kashe ƙishin rana. A ci lemon zaƙi da kankana da gwanda da ɓargonsu maimakon a matse. Maigida kuma in zai fita ya riƙe gorar ruwa a mota, domin ƙishin cunkoso ne ke sa hannu ya miƙa wa mai talla. Abin da yara suka ga ana sha a gida, shi za su tashi da shi.

Ita ƙiba kuwa, a faranti da ƙafa ake yaƙarta: a rage tudun shinkafa da tuwo, a ƙara ganye da wake, a ci abincin dare da wuri, a yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Wanda ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, kilo huɗu zuwa takwas ga mai kilo 80, zai ga bambanci a hawan jini da sukarin jini. Ku riƙa auna ƙugu da tef ɗin tela: in ya kai santimita 80 ga mace ko 94 ga namiji, lokacin ɗaukar mataki ya yi. In kuma kuna yin duk wannan amma nauyi na ta hawa, ku kwaso magungunan da kuke sha ku nuna wa likita ko mai haɗa magani, domin wasunsu na ƙara ƙiba. Kada dai ku daina shan kowanne da kanku.

Hajiya ta tafi da alkawari uku: malt ya fita daga lissafin kullum, sukarin shayi ya koma cokali biyu, lemon "Zero" ya koma kwalba ɗaya. Mun yi da ita za ta dawo ta hau sikelin bayan mako shida, kuma na ce mata ba sai ta cire takalmi ba.